A rubuta wa direba haƙƙinsa

Duk lokacin da tirela ta kife a hanyar Kumasi zuwa Tamale, tun kafin a janye ta daga titi an riga an yanke hukunci a gidajen rediyo da majalisun unguwa: laifin direba ne. Ko barci ya kwashe shi, ko gudu yake yi, ko ya sha wani abu. Sau da yawa hakan ne kuwa, ba na musu. Inda nake ja shi ne inda ake tsayar da maganar. Barcin da ke sace mutum a kan sitiyari da ƙarfe uku na dare tsakanin Kintampo da Buipe, tun a ofis aka ƙulla shi, ranar da aka tsara yadda za a riƙa biyan mutumin.

Na yi shekaru ina aikin akawu a wani kamfanin jigilar kaya a nan Kumasi. Ni ke rubuta takardar lodi, ni ke ƙirga kuɗin hanya in miƙa wa direba. Kamfanin na ɗan Zango ne, kamar yadda motoci da dama da ke tashi daga Aboabo da Asawase da Ashaiman na 'yan'uwanmu ne, direbobinsu ma namu ne. Don haka da mu nake wannan magana. Gwamnati tana da nata kason, zan taɓo shi, amma akwai abin da yake hannunmu wanda ba ya bukatar jiran majalisa.

Albashin wata, inda ma akwai shi, ba ya kai iyali tsakiyar wata. Abin da direba ke rayuwa a kansa shi ne kuɗin hanya, dunƙulen da ake danƙa masa ranar tashi. A ciki zai ci abinci, ya ciyar da yaron mota, ya sallami shingaye, ya biya mai gadi inda ya kwana, ya yi faci in taya ta yi. Wasu masu motar har kuɗin mai suke haɗawa a ciki. Abin da ya saura bayan ya dawo shi ne nasa. Kowa ya zauna ya yi lissafi zai ga inda wannan tsari ya dosa. Kwana ɗaya da direba ya ƙara a hanya daga aljihunsa ya fita. In ya tsaya ya miƙe ƙafa, cefanen gidansa ne ke raguwa. Kuma tunda sai ya sauke ya dawo ake ba shi wani dunƙulen, wanda ya yi sawu uku a wata ya fi wanda ya yi biyu. Da baki ana ce masa ya bi a hankali, Allah ya kiyaye hanya, alhali an ɗaure abincin 'ya'yansa a jikin saurinsa.

Sai jira. Wanda bai san aikin ba yana zaton tuƙi ne kawai, bai san zama ya fi cin ran direba ba. A tashar jiragen ruwa ta Tema ana jiran kwantena ta fito, ana jiran takardun kwastan, in kayan na wucewa Burkina Faso ne ko Mali ko Nijar ana jiran a maƙala wa motar na'urar bibiya. A Paga, kan iyakar Burkina Faso, wani jiran ne. Lokacin kakar koko, je ka Kaase ka ga layin motoci suna jiran sauke. Leƙa ƙarƙashin kowace tirela za ka ga gida guda: tabarma a shimfiɗe tsakanin tayoyi, gidan sauro an ɗaure shi a jikin ƙarfen mota, murhun gawayi da 'yar tukunya, buta, jarkar ruwa wadda da ita za a sha, a yi alwala, a yi girki. Wanka sai dare ya yi, a raɓe a bayan mota. Magidanci ne wannan, mai 'ya'ya a makaranta, wani ma da jikoki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Kwantena in ta wuce kwanakin da aka ɗibar mata, kamfanin jirgin ruwa yana cajin mai kaya kuɗin jinkiri a kan kowace rana, kuma ana biya ko da an yi ƙorafi. Akwatin ƙarfe yana da kuɗin jira. Mutumin da ke kwance a ƙasa yana gadinsa, sauro na cinsa, ba shi da ko kwabo na wannan kwanakin. Ko a inda mai mota ya karɓi kuɗin jira daga mai kaya, da wuya ka ji an ce ga rabon direba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar hanya ta 2012, wadda aka fi sani da L.I. 2180, ta hana direban motar haya ya yi tuƙin sama da awa 4 a jere ba tare da ya huta aƙalla minti 30 ba, ta kuma hana ya wuce awa 8 ko kilomita 500 a cikin awa 24. Ba direba kaɗai ta ambata ba, har da mai motar da ya sa shi ko ya ƙyale shi ya yi hakan. To daga Kumasi zuwa Paga ya haura kilomita 500. Daga Tema zuwa Wagadugu kusan 1,000 ne. Ma'ana direba ɗaya ba shi da izinin ya tashi daga Kumasi ya kwana a iyaka. Amma wa ya taɓa ganin an gurfanar da mai mota saboda direbansa ya wuce awa 8? Ɗan sanda a shinge yana tambayar lasin, da inshora, da takardar lafiyar mota, da abin kashe gobara. Ba ya tambayar yaushe rabon mutumin da barci.

Irin wayar da na sha ji a ofis ke nan, da yamma, maigida na zagaye tebur:

"Kana ina yanzu?"

"Alhaji, ina Techiman. Wallahi idona ya yi nauyi, jiya ban runtsa ba wajen lodi."

"Haba, kai da ka saba? Mai kaya ya hana ni sakat. Daure ka kai Tamale, sai ka kwanta."

"To, Alhaji. Allah ya kai mu."

Tsakanin Techiman da Tamale kuwa tafiyar sama da kilomita 250 ce, a cikin dare, da tan-tan na kaya a baya. Maigidan ba mugu ba ne, yana sallar asuba a sahun gaba, kuma shi ma wani ke matsa masa. Amma ba shi zai riƙe sitiyarin ba. Direban kuma ya san in ya ce a'a sau biyu, akwai matasa a tasha masu lasin da ke jiran makulli. Yanzu da aka samu na'urar bibiya abin ya ƙara tsanani, domin maigida yana gani a wayarsa mota ta tsaya, sai ya kira ya ji dalili. Wannan na'urar ita ce za ta iya nuna masa cewa mutumin ya yi awa 12 yana tafe, in da abin da yake son gani ke nan.

Daga nan ake shiga goro da ataya mai kauri, a wuce zuwa lemun ƙara kuzari, wasu su ƙare a tramol. Muna kuka da tramol a Zango, malamai na wa'azi a kansa, kuma daidai ne. Sai dai a cikin masu shansa akwai waɗanda ba maye ya kai su ba. An ba su aikin da jikin ɗan Adam ba ya iya ɗauka, suka nemi abin da zai ɗaukar musu.

Ko direba ya so hutawa ma, ina zai tsaya? Wuraren cin abinci na hanyar Akra zuwa Kumasi, wajen Bunso da Nkawkaw, don fasinjan bas aka yi su. Fili mai katanga da fitila da banɗaki da ruwa, inda tirela za ta shiga ta kwana cikin aminci, ya yi ƙaranci ƙwarai a duk tsawon hanyar arewa. Sai a raɓe a gefen titi ko a gidan mai in sun yarda. A daji kuma ba ya tsayuwa, domin an san fashi a yankin Kintampo zuwa Buipe. Yawancin hanyar nan layi biyu ne kawai, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma a kanta tirela da bas da babur da mai keke suke haɗuwa. A watan Fabrairun 2016 wata bas da ta taso daga Kumasi za ta Tamale ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, mutum sama da 50 suka rasu. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suna nuna sama da mutum 2,000 ke mutuwa a titunan Gana kowace shekara. Saboda haka hutun direban tirela bai tsaya a kansa ba. Uwar da ta ɗora ɗanta a bas zai koma makaranta a Tamale ita ma tana da ruwa da tsaki a ciki.

Lodi fiye da kima shi ma haka yake. Ba direba ke yin ciniki da mai kaya ba. Dillali ne da maigida ke shirya a ƙara buhu kaza a sama don sawun ya biya. Amma direban ne zai tsaya a sikelin Akom ko na Yapei yana roƙo, shi zai bi ta wata ɓarauniyar hanya cikin dare don ya kauce wa sikelin, shi zai sauko gangara da nauyin da birkin motar bai san da shi ba. In ya dawo ya ce tayar baya ta cinye, ko birki na ja gefe ɗaya, amsar da ya fi samu ita ce a lallaɓa a yi sawu ɗaya tukuna, in an dawo a kai ta Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. In kaya ya yi gibi, ko ruwa ya taɓa buhu, ko aka auna tanka aka ce mai ya ragu, daga kuɗinsa ake cirewa, sau da yawa ba tare da an zaunar da shi an ji ta bakinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na san abin da masu motoci za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba, domin na ga littattafan kuɗinsu. A Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54.1 cikin 100. A 2023 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 30, wanda ya ci bashi ya sayi mota ya san abin da wannan ke nufi. Taya da kayan gyara a Magazin da Abossey Okai farashin dala suke bi, in sun hau kuma ba sa saukowa da sauƙi. Dillali na tsakiya yana yankar kamashonsa ba tare da ya mallaki ko taya ɗaya ba. Mota takan sauke a arewa ta dawo wayam. Sannan akwai direbobin da ke cin amana: a zuƙi mai a sayar, a ɗauki gawayi ko doya a hanyar dawowa ba da sanin maigida ba, a kawo rasit ɗin gyaran da ba a yi ba. Duk wannan gaskiya ne.

Amma a duba da kyau. Direban da ke zuƙar mai da maigidan da ke rage albashi, kowanne yana kafa hujja da ɗayan. Maigida ya ce ai na san yana samu a hanya, me zai sa in ƙara masa? Direba ya ce ai ya san abin da yake ba ni ba ya isa, ya san da inda nake cikewa. An wayi gari sata ta zama wani ɓangare na albashi, kowa ya sani, ba wanda ke faɗa. Wanda ya fi cutuwa a wannan tsari shi ne direba mai tsoron Allah, wanda ba ya taɓa man, domin an yanka albashinsa a kan zaton zai taɓa. Tsarin da ke hukunta mai gaskiya bai cancanci musulmi ya kare shi ba. Sannan kasuwancin da ba ya tsayuwa sai an hana mutum barci an kuma bar shi ba fansho, lissafinsa ne bai cika ba, kuma a wurin mai kaya ya kamata a nemo cikon.

Nan na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A Zango in ka ce wa mai mota ya rubuta wa direbansa takardar aiki, sai ransa ya ɓaci. "Ni da yaron nan sai takarda? Ɗana ne fa. Ni na yi masa aure, ni na yi wa matarsa kayan suna." Kuma gaskiya yake faɗa, ya yi. Na ga masu motar da suka biya wa direba kujerar Makka. Ba na raina wannan alheri, Allah ya ba su lada. Amma alheri ranar da aka ga dama ake yinsa, ranar da ba a ga dama ba babu mai tambaya. Haƙƙi kuwa ko ana fushi da kai naka ne. Mun ɗauki abin da yake haƙƙin mutum mun mayar da shi kyauta, har ya zama sai ya durƙusa ya yi godiya kafin ya karɓi guminsa. Kuma wannan "ɗana ne" tana ƙarewa ranar rabon gado. Alhaji in ya rasu, 'ya'yansa na cikinsa ke raba motoci, direban da ya yi shekara ashirin yana tara musu dukiya sai ya ji sabon maigida na cewa shi bai san da wani alkawari ba.

Akwai wani dattijo da ya tuƙa wa mahaifin maigidanmu, ya dawo ya tuƙa wa ɗan. Baya ya riƙe, ido ya fara hazo, dare ya gagare shi. Aka kira shi ofis cikin mutunci, aka ce, "Baba, ka huta haka nan, Allah ya saka da alheri." Aka ba shi ambulan da turmin yadi. Ya yi godiya, ya fita ya hau motar ya kwaso kayansa: sallaya, bargo, buta, tocila, wani ƙaramin rediyo, da kwalbar man zafi da yake shafa wa ƙugunsa. Jaka ɗaya ta ɗauke su duka. Ya miƙa makulli ga wani yaro da shi ya koya wa tuƙi. Bayan 'yan watanni kuɗin ambulan suka ƙare, sai ga shi a tasha yana zaman jiran a ba shi na goro in an yi lodi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Kawai dai tun ranar da ya fara aiki ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba.

Da an rubuta, da labarin ya sha bamban. Dokar Ƙwadago ta 2003, wato Act 651, ta ce duk wanda aka ɗauka aiki na wata 6 ko fiye a yi masa yarjejeniya a rubuce, kuma yana da hutun aƙalla ranakun aiki 15 a shekara da cikakken albashi. Dokar fansho ta 2008, Act 766, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 13 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ma'aikacin ya zuba kashi 5.5. Wanda aka zuba wa na wata 180, wato shekara 15, yana da fanshon SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, na kowane wata in ya kai shekarun ritaya, kuma in ya rasu iyalinsa na da abin karɓa. Akwai kuma dokar diyya ta 1987 da ta wajabta wa mai aiki biyan ma'aikacin da ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Mu kuwa abin da muka saba shi ne likkafani, buhun shinkafa ranar sadakar uku, da ɗan abin da aka tara a masallaci. Kafin matar ta fita takaba motar ta fito daga wurin gyara da sabon direba.

Masu cewa takarda rashin yarda ce, al'adar Turawa ce, su koma ga abin da muke karantawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi a tsakaninsu su kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Ba don ana zargin junansu aka ce su rubuta ba, don mutum na mantuwa ne, yana kuma mutuwa. A Suratul Ƙasas, da aka ɗauki Annabi Musa aiki, sai da aka fayyace masa shekara takwas, in ya cika goma daga gare shi ne, tun kafin ya fara, duk da cewa suruki zai zama. Albashin da ba a biya ba bashi ne, fanshon da ba a zuba ba shi ma bashi ne.

Wanda ya fi kowa shiga uku a wannan sana'a shi ne yaron mota, kuma a nan direbobi ma sai su karɓi nasu. Yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai ko ashirin, uwarsa ta kai shi wurin masta ta ce ga amana, a koya masa abin yi. Shi ke wanke mota, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dirowa da gudu ya sa weji ya tokare taya in mota ta tsaya a hawa, shi ke kwance tayar da ta kusa nauyinsa a cikin rana, shi ke girki, shi ke kwana a waje yana gadi masta na cikin mota. Albashi babu, sai abin da masta ya ga dama. Sunansa ba ya cikin kowace takarda ta kamfani, in ya faɗo daga saman kaya ya karye, ofis na iya cewa ba su san shi ba, yaron direba ne. Kuma kowa a harkar ya san in barci ya ci ƙarfin masta a miƙaƙƙiyar hanya, yaron ake miƙa wa sitiyari ba tare da lasin ba. Lasin F na tuƙa tirela hawa-hawa ake kai wa gare shi a DVLA, hukumar ba da lasin, yana cin shekaru da kuɗi. Wa zai biya masa? Yaushe wa'adin koyonsa zai ƙare? Ba wanda ya faɗa masa, sai ya ga gemu ya fito masa yana nan yana sa weji. Direban da ke kukan maigida ya danne shi, ya waiwaya ya dubi yadda yake riƙe da ɗan mutane.

Ga kuma hatsarin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar ba yadda iyayenmu suka san su suke ba, 'yan bindiga na tare motoci, wasu wuraren sai da rakiyar soja. A cikin gida ma rikicin Bawku ya sa an kai wa matafiya hari a hanya. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyakoki, motocin albasa sun maƙale a hanya, kaya na ruɓewa, direbobi na zaune ba su san ranar tafiya ba. A Janairun 2025 ƙasashen uku suka fice daga ECOWAS. 'Ya'yanmu ake nema a wannan hanya domin suna jin Hausa, wasu da Mosanci ko Zabarmanci da ɗan Faransanci, sun san yadda ake magana da jami'i a Dakola da ɗan kasuwa a Yamai. Wannan ƙwarewa ce, kuma tafiyar sayar da rai ce. Kuɗin wanda zai shiga can bai kamata ya zama ɗaya da na mai kai siminti Sunyani ba, kuma ya kamata mutum ya iya cewa wannan hanyar ba zan bi ba, ba tare da an karɓe makulli ba.

Gwamnati ta gina wuraren kwanan manyan motoci, ta rage shingaye, ta kama mai mota da mai kaya a kan lodi da awannin tuƙi maimakon direba kaɗai. Tunda babu jirgin ƙasa da ke kai kaya arewa, kuma tashar tudu ta Boankra an daɗe ana jiran ta, kusan duk abin da ke tafiya can a kan taya yake tafiya, bai dace ƙasar da ke riƙe da sakatariyar kasuwancin bai-ɗaya ta Afirka ta bar masu ɗaukar kayan suna kwana a ƙasa ba.

Amma takardar da nake magana ba ta jiran wannan. Shafi ɗaya ta isa, a karanta wa mutum da Hausa in ba ya jin Turanci, a sa hannu gaban shaidu biyu. A faɗi albashin wata. A raba kuɗin mai da na shinge da na abincin direba, kowanne da gurbinsa, yadda kwanan hutu ba zai ci aljihunsa ba. A sa kuɗin kowace ranar jira bayan kwanakin da aka amince. A rubuta cewa ba za a cire masa ko sidi ɗaya a kan gibi ba sai an zauna da shi. A sa lambar SSNIT ɗinsa, da sunan yaron motarsa, da abin da za a riƙa ba yaron, da shekarar da za a kai shi ya yi lasin. Tafiyar da ta wuce kilomita 500 kuma a yi lissafinta da kwanan hanya ko da direba na biyu, a gaya wa mai kaya haka tun wajen ciniki. Mai mota ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, domin na kusa da shi zai karya farashi ya ƙwace lodin. Shi ya sa sai ƙungiyoyin masu motoci sun tsaya a kan magana ɗaya, sarakunan Zango da limamai kuma su sa baki kamar yadda suke sawa a rikicin fili da na aure.

Direbobi su ma akwai gyara a wajensu. Da yawa in aka ce za a cire kashi 5.5 sai su ce a ba su kuɗinsu a hannu, gobe ta Allah ce. Ɗan'uwa, bayanka ba zai kai ka shekara sittin a kan wannan kujera yadda yake yau ba. Kuma ku dubi direbobin tanka: da suka ajiye makulli tare, a 2023 a kan lalacewar hanyoyin da suke bi wajen Tema, a 2024 kuma a kan albashi da yanayin aiki, cikin 'yan kwanaki hukumomi suka nemi zama da su, domin kowa ya san abin da zai faru in gidajen mai suka bushe. Mai ɗaukar shinkafa da siminti da albasa bai fi su rauni ba, rarrabuwa ce ta yi masa yawa.

Wanda kuma aka ce masa ana zuba masa SSNIT, kada ya tsaya a kan an ce. Ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa ya je ofishinsu ya nemi a buga masa bayanin asusunsa, zai ga wata-wata abin da ya shiga da wanda bai shiga ba. In ya tarar da watanni wayam, kada ya tunkari maigida shi kaɗai. Ya kai takardar wurin shugaban tasharsu ko ƙungiyarsu su je tare, in abin ya ƙi, akwai ofishin ƙwadago a nan Kumasi, akwai kuma Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da aka kafa don irin wannan ƙara.